Mai Kira a Hawa na Uku

Kwatano, 3 ga Mayu

Zuwa ga uwargidana, Uwar Senakpon,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwoyin? Yaya kunnen? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ajiye shi kika yi kina kallo ba. Ki gaida mutanen Wida.

Ni dai ina nan a hawa na uku na gidan ɗanmu. Wata biyar ke nan ban taka ƙasa ba. Likita ya ce ƙugun ya haɗe, amma ƙafafun ba sa ɗauka ta fiye da taku goma. Daga gado sai taga, daga taga sai gado. Ina hango injinan ɗaga kaya na tashar jirgin ruwa inda na yi shekara talatin da ɗaya, shi ke nan duniyata. Ke gwiwa ta hana ki hawa, ni ƙugu ya hana ni sauka, waya kuma ba kya ji. Da ba ki tilasta mini shiga makarantar yamma ina ɗan shekara arba'in da biyar ba, da yanzu ko gaisuwa babu tsakaninmu.

Senakpon ya sake cewa a kira 'yan dako su sauko da ni. Na ƙi. Ranar da suka hau da ni daga asibiti, a kwana ta biyu ta benen, na gaba ya ɗaga kafin na baya ya shirya, kujerar ta karkace, na ga ramin benen da idona. Ba zan ƙara ba da jikina ga hannun da bai san kira ba.

Amma ga abin murna. Jikarmu Sedami ta gama karatu ta dawo, kuma duk Asabar tana kawo abokanta uku ɗakina su yi wani wasa. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikinsa, wannan mayaƙi, wancan maharbi, waccan mai magani. In za ka yi abu mai haɗari sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin, shi zai ce ka yi nasara ko ka faɗi. Sedami tana ƙirƙiro sabon matsayi da ta kira Jagora, wanda aikinsa taimakon sauran. Ban gane rabinsa ba, amma ɗakin ya cika da dariya, har na cinye ƙullin tuwon akasa biyu.

Naki har kullum,
Tossou

Kwatano, 18 ga Mayu

Uwar Senakpon,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na ga takardarki. Kin ce taurin kaina ya fi siminti. Na karɓa.

Jagoran Sedami ya lalace. Yadda ta tsara shi, mai riƙe da shi ne yake cewa wane ya sara, wane ya ja baya, dole kuma a bi. Jiya Bignon, wani ƙato da ke buga mayaƙi, ya tura mata takardarsa ya ce, "Ungo, Madam Kwamanda, ki buga mini, ni bari in sauka in sayo soyayyar doya." Fifame, mai buga mai magani, ta ce, "Sayo da ni, ai nan ba a bukatar kaina, hannuna kawai ake so." Sedami ta tattara takardunta ido ya yi ja. Na ji suna cewa gara su koma tsohon wasansu a gidan su Bignon. In suka tafi, ni da taga ne kuma.

Da suka fita na ce, "Zo nan, 'yar nema. Wa ya gaya miki shugaba umarni yake bayarwa?" Ta ce, "Kaka, ai kai ma ihu kake yi wa mutane a tasha." Na ce ƙarya aka yi mata. Wanda na gada shi ne mai ihu, kuma a hannunsa akwati ya murƙushe ƙafar mutum. Ni da na zama mai kira, ba na taɓa kaya, ba na cewa a ɗaga. Kowa zai kama gefensa, in hannunsa ya zauna ya ce "ina nan". Sai na ji muryar kowa da kunnena nake ba da kira. Kuma ko ƙaramin cikinmu ya ce "aje", kaya ƙasa za su, ba mai tambayarsa dalili, ba mai yi masa dariya.

Sai ta jawo biro. Ta hana ni hutawa da tambayoyi har rana ta yi sanyi. Ta ce za ta roƙe su su zo sau ɗaya tak. Ki taya ni addu'a, don ɗakin nan in babu kowa bangonsa matsowa yake yi.

Mijinki,
Tossou

Kwatano, 1 ga Yuni

Uwar Senakpon, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Sun zo. Sedami ta sauya wa Jagora suna zuwa Mai Kira. Yanzu ba ya sara, ba ya umartar kowa. In zagayensa ya zo, sai ya tambayi wanda ya shirya, ya miƙa masa nasa ɗan lidon, shi kuma ya jefa biyu ya ɗauki wanda ya fi, a kan abin da ya ga dama. Wanda ya ce "aje" kuma babu abin da zai rasa. Ni suka ba matsayin. A labarin mun faɗa tsohuwar rijiya, maharbinmu Romaric ya karye. Bignon ya ce, "Tsoho, ba ni naka, ina nan." Na ba shi, ya jefa goma sha tara, muka fito. Ƙaton nan ya rungume ni har na yi tari.

Sai Fifame ta ce, "Kaka, kai da ka fid da mu daga rijiya, kai ne za ka zauna a taka rijiyar?" Na ce bene ba takarda ba ne. Bignon ya ce, "To koya mana, ko kiran naka na baki ne kawai?"

Na sa suka ɗaure buhun gari biyu a kujerata. Sau uku suka sauka da shi suka hau, ina bakin ƙofa ina kira. Na farko buhun ya faɗi a kwana ta biyu, gari ya wanke benen, matar Senakpon ta yi ta faɗa. Na uku ko girgiza bai yi ba.

Aka sauke buhu, aka ɗora ni. Ba zan ɓoye miki ba, ƙanƙame kujerar na yi don tsoro. Na ji "ina nan" sau huɗu, na ba da kira. Da muka kai kwanar nan, na ji numfashin Bignon ya sauya, na yi shiru ina jira. Sai ya ce, "Aje." Suka aje ni. Ba wanda ya ce masa komai. A nan tsorona ya tafi.

Uwar Senakpon, na taka ƙasa. Na cire takalmi na sa tafin ƙafata a kan yashi, na yi kuka a gaban yaran mutane.

Senakpon ya share mini ɗakin ƙasa, ba zan koma sama ba. Zai zo ya ɗauko ki da mota ranar Lahadi mai zuwa. Daga bakin ƙofa zuwa inda nake babu matakala ko ɗaya, na auna da sandata, taku tara ne. Ki tsaya a ƙofar kada ki shigo. Ni zan zo.

Naki,
Tossou