Tsayawa Kafin Laka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na gareji. Direban da ke kawo mana abincin kaji na ba takardar nan, ka dai san waya ba ta kamawa a gonarmu.

Yaya, muna cikin wani hali. Tun da damina ta kankama, kwarin da ke tsakaninmu da kwalta ya koma laka zalla. Ranar wankin ƙodar Umma muka ɗauke ta a fikof ɗin da ka bar mana, Auta ne ke tuƙi. Muna shiga kwarin, mota ta zauna. Tayar baya ta dama sai juyawa take tana watsa laka har kan rufi, ta hagu kuwa tana tsaye a wuri mai ƙarfi kamar ba da ita ake ba. Auta ya danna maɓallin nan da ka ce shi ne makullin dif, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa, shi ke nan. Kafin a samo tarakta ta ja mu, lokacin Umma ya wuce.

Yanzu ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, kuma daga tsakar gida ana jin numfashinta.

Auta ya kirawo bakaniken bakin kwalta, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce makullin kamfani ya mutu, wai da ma ado ne, a cire shi a sa na kasuwa mai kulle kansa ba sai an danna komai ba. Ni ban san dif ba, ban san makulli ba, kaji na sani. Don Allah ka gaya mini abin yi da wuri. Tsoro nake ji.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Zuwa ga Uwar Kaji,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni a ƙarƙashin mota, na karanta ta hannuna duk baƙin mai. Ki gaishe mini da Umma, ki ce mata ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Bari in fara da dif. Tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, shi ne. Aikinsa ya bar kowace taya ta yi gudunta a kwana, tunda ta waje hanyarta ta fi tsawo. Aibinsa lalaci: in taya ɗaya ta sami santsi, sai ya tura mata ƙarfin duka, ya bar ɗayar a tsaye. Makulli shi ke ɗaure su biyun su juya tare.

Ki tambayi Auta, ya tsaya kafin ya danna? Na san amsar. Ya faɗa kwarin a guje, ƙafarsa a kan totur, taya na ta juyawa, sannan ya tuna da maɓalli. Makullin kamfani ba ya shiga a haka. Da gangan aka yi shi da taurin kai, domin in haƙoransa suka haɗu cikin gudu farfashewa za su yi. Ƙiftawar fitilar nan ba mutuwa ba ce, jira yake a tsaya masa.

Ba zagin na kasuwa nake ba. Akwai mai aiki da iska, na sa wa motocin daji da yawa kuma ban ji kunya ba, amma yana son famfo da tiyo da bakanike mai tsabtar hannu, kuma ba za ku same shi kusa ba. Wanda Injiniyanku ke nufi, a laka jarumi ne. Sai dai ba ya shawara da direba. A jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan mota ba kaya, in aka taka totur a tsakiyar kwana sai ya kulle, bayan motar ya goce. A hannun mai sanyin ƙafa ba laifi. Amma Autanmu, wanda ko masallaci a guje yake shiga?

Kada ku bari a taɓa dif ɗin nan. Na nemi izinin zuwa, shugaban aiki ya hana sai mun gama motocin da ke hannu, kuma kin san da aikin nan ake yi wa Umma wanki. Zuciyata tana wurinku.

Allah ya ba ta lafiya.
Yayanku

*

Yaya,

Salam. Auta ne. Takardarka ta iso bayan an gama aiki. An sa na kasuwa, kuma shekaranjiya na ratsa kwarin nan kamar a kan tabarma. An yi wa Umma wanki, ta yi barci a kwance.

Ka ce da na tsaya. Kai kana can kana karanta takarda, ni ne nake jin numfashinta a gefen kunnena. Ka taɓa ɗaukar uwarka tana shure-shure sannan ka taka birki ka zauna kallon fitila? Makullin da sai an lallashe shi, ni ba ni da lokacinsa.

Gaskiya ne yana ƙas-ƙas a kwana, wani lokaci ya ɗan fizgi motar. Na iya da shi. Ka daina tsorata mini 'yar'uwa, tun da ta karanta takardarka take bin ƙafata da kallo.

Sai an jima.
Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje na yi shi.

Auta yana asibiti da karayar cinya. Ya fita shi kaɗai sayo wa Umma magani, ana yayyafi. Ya wuce lakar lafiya, ya hau kwalta, a kwanar da ke bayan gada motar ta juya da shi ta faɗa rami. Masu wucewa ne suka zaro shi. Likita ya ce zai tashi, amma ba zai taka totur a daminar nan ba. Bai yi maganar kowa ba sai kai. Ya ce kada in gaya maka, na ce masa ai sai ya tashi ya hana ni.

Tarakta ta jawo motar gida. Gilashi ya tsage, ƙofa ta lotse, kuma Injiniya ya ce sandar tayar baya ɗaya ta karye. Yanzu cewa yake a yi wa dif ɗin walda gaba ɗaya a huta. Na kore shi da tsintsiyar ɗakin kaji, Allah ya yafe mini.

Wankin Umma ya sake wucewa. Na taka har bakin kwalta na roƙi masu motar haya, duk wanda ya ji sunan kwarin sai ya girgiza kai. Mai tarakta yana noman mutane, ba kullum ake ganinsa ba. Mun gwada ɗora ta a babur, ba ta iya zama. Fuskarta ta kumbura har idanunta sun ƙanƙance, jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Yaya, gani nake tana tafiya a gabana, ni kuwa ina tsaye da bokitin dusa.

Abu ɗaya na yi. Ranar da aka cire makullin kamfani, Injiniya ya so ya tafi da shi wai ƙarfen banza ne. Na ce motar yayana ce, ko ƙusa ba za ta fita ba. Yana nan a cikin baho a ɗakin abincin kaji, da wayarsa da komai, na rufe shi da buhu. In yana da sauran amfani ka faɗa mini. In ba shi da shi, ka faɗa mini yadda ake haƙuri.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Wanda ya miƙo miki takardar nan shi ne Dogo, abokin aikina, ya ba da hutunsa saboda mu. Ya zo da sandar taya da mai. Ki nuna masa bahon, zai mayar da makullin inda yake. Kada ki bar kowa ya kusanci motar da walda. Gobe da safe dole ya juyo, ba zai kai ranar wankin ba.

Don haka ke za ki tuƙa. Kada ki ce mini ba ki iya ba. Shekara nawa kika yi kina kai ƙwai kasuwa a tsohuwar motar Baba, ban taɓa jin kin fasa tire ɗaya ba?

Ki tsaya cak a busasshen wuri kafin laka. Ki sa ƙaramar giyar nan ta daji, Dogo zai nuna miki. Ki danna maɓalli, ki ɗan gangara a hankali har fitila ta daina ƙiftawa ta tsaya. Sai ki shiga da tafiyar ƙafa, sitiyari a miƙe, kada ki ƙara wuta ko me kika ji. Kina hawa kwalta ki kashe shi.

Tsayawar ita ce mai wuya, a nan Auta bai yi ƙarya ba. Ki ce masa ban yi fushi ba. Ni na bar masa mota ban zauna na koya masa maɓallin ba.

Allah ya kai ku lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Daga bencin asibiti nake rubuto maka.

Na tsaya. Ruwa na zuba, Umma na gefena tana kokawa da numfashi. Ta damƙi hannuna ta ce, "Me na yi miki kika tsaya?" Kuka nake ina kallon fitila tana ƙiftawa. Ban taɓa ƙin wani abu a duniya kamar fitilar nan ba. Sai na ji ƙas a ƙarƙashinmu, fitilar ta daina ƙiftawa.

Mun ratsa kwarin a hankali, tayoyin biyu tare.

Umma tana ciki an jona mata na'ura. Likita ya ce zuciyarta ta wahala, kada a sake tsallake wanki ko sau ɗaya. Na hau sama wurin Auta, ya tambaye ni da wane gudu na shiga lakar. Da na gaya masa, sai ya juya fuskarsa bango.

Hadari ya sake haɗowa, kuma da yamma ta kwarin nan za mu koma. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka, Uwar Kaji