Wayar da Ba Kya Ɗauka

Zuwa ga 'yata Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ya aikin makaranta? Ni da sauƙi, sai gwiwa da take hana ni fita ko tsakar gida.

Na koma takarda ne saboda waya ta ƙi. Yayanki ya kawo mini magani, na tsare shi da tambaya har ya faɗi gaskiya. Wai kin ce kirana ya yi yawa, yana bin ki har cikin aji, kuma in aka daina ɗauka zan gaji in bari. Ban yi fushi ba. Dariya ma na fara yi, hawayen daga baya suka zo. Ai ni na koya miki wannan. Shekarar da kika fara koyarwa kin kawo mini ƙarar wata ɗaliba mai ihu, na ce ki yabe ta in ta natsu, ki ɗauke kai in ta fara, halin zai mutu da kansa. A kwalejin horon malamai da tantabara aka misalta mana: tana saran maɓalli ƙwaya na faɗowa, in aka hana ƙwayar sai ta daina.

Tun rasuwar mahaifiyarki kujerarta na nan bakin taga, in na yi tari ba mai ce mini sannu. Ba wani labari nake kira in ba ki ba. Sallamarki kawai nake son ji.

Amma Malama, aikinki da gyara. Ranar Asabar, bayan kin daɗe kina share ni, kin ɗauka kin ce, "Baba, ka ci abinci?" Wannan kuskure ne. Tantabarar da ake ba ƙwaya jefi-jefi ita ce ba ta daina sara, don ba ta san wane saran zai kawo ba. Tun ranar wayar ba ta bar hannuna ba, har banɗaki.

In kina so in bari, kada ki sake ɗauka ko sau ɗaya. Zan ƙara damunki na ɗan lokaci, sannan in yi shiru. Hanyar tana aiki, ban taɓa ganin ta gaza ba. Na faɗa miki ne don ban taɓa ɓoye wa ɗalibi amsa ba. Sai dai ina roƙon Allah ki ci gaba da yin kuskuren.

Ki shafa mini kan yaran, ki gaida maigidan. Allah ya yi miki albarka.

Naki kullum,
Babanki