Na Ɗora Iri a Kan Jaki, Na Bar Yayana

Malam, a agaza mini da shawara. Tun ina yaro nake jin ana cewa in wutar daji ta taso, mutum yakan manta da jininsa. Na ɗauke ta tatsuniya, irin wadda nake shara wa jikoki.

Muna zaune a ƴar rugar gona wajen Madarunfa, ni da matata Kulu da yayana Illo, wanda idonsa ya tafi. Bayan girbin bana masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta, hayaƙi ya turnuƙe ta wajen garin Sarkin Yamma. Ni da ba a san ni da sauri ko wajen cin tuwo ba, sai ga ni na ɗora irin gero a kan jaki, na kora awaki, Kulu na biye, har bakin tafki. Can na tuna da Illo.

Allah ya juya iska, wutar ba ta iso ba. Da na dawo na tarar da shi a ƙofar ɗaki, ya sa takalmi, sanda a hannu, yana jira. Har yau ciyawa dai tana nan a bushe, ni kuma na kasa zama kusa da shi. Bai yi mini faɗa ba. Murmushi ya yi, ya maimaita mini zancen nan na yarinta, na manta jini ranar wuta. Wanda ya gaya mini shi na ƙarshe ke nan, Illo.

Dattijo mai jin kunya

Amsa: Baba, firgita ce ta ja ka, kuma iri abincin Illo ne na baɗi. Amma iri ana samu wajen maƙwabta, yaya kuwa ba a aronsa. Ka je ka nemi gafararsa da bakinka.

Sannan ku share ciyawa kewaye da gida da rumbuna. Ku gwada bin hanyar tafki ku uku tun babu wuta, Illo a kan jaki, iri a kanka. In kun hangi hayaƙi, ku jiƙa zane ku rufe hanci, ku tashi, kada ku jira ganin harshen wuta.

Kada ka dogara da tunaninka ranar tsoro. Ka mai da akumarin jakin ɗakin Illo, ka ajiye a gefen shimfiɗarsa. Ba za ka ɗaura kaya ba sai ka shiga wurinsa.

Allah ya tsare ku, ya bar ku tare.