Na Bar Tuwo, An Ce Mijina ke Hora Ni da Yunwa

Hajiya Talatu, don Allah ki agaza mini kafin Juma'a, kaina ya kulle.

Ina aure a Gyadi-Gyadi, 'ya'yana uku. Mijina Isyaku direba ne, kuma tun da aka koma mulkin farar hula ya samu ubangida ɗan siyasa, gidanmu bai ƙara sanin babu ba. Sai ƙiba ta taso mini, gwiwoyina suka fara ciwo, in na yi sujada da ƙyar nake miƙewa. Maƙwabciyata Maman Ifunanya ce ta ba ni dabarar da ta rage mata teɓa: ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, sai nama da ƙwai da kifi da ganye. Na bi, kuma wallahi ta yi aiki. Sai dai jiri, da wani warin baki da asuwaki ba ya kashewa.

Da Innata ta zo daga ƙauye ta ga yadda na rame, salati ta saka. Ta ja ni wani asibiti a Tarauni, aka gwada fitsarina, aka ce akwai wani abu wai shi kiton. Ma'aikacin ya yi bayani a gabanta cewa ana ganinsa ga wanda ya daɗe bai ci ya ƙoshi ba. Shi ke nan, Inna ta yanke hukunci: Isyaku ke hora ni da yunwa.

Na rantse har na gaji. Na nuna mata buhunan shinkafa, ta ce ai wannan ya fi muni, ga abinci a jibge an hana ni. Wai ba a taɓa haihuwar 'yar da za ta ga tuwo ta kau da kai don ganin dama ba, asiri nake rufa masa irin na 'ya'yan kirki. Duk rantsuwar da na ƙara, sai ta ƙara sa mini albarka! Ta sanar da dangi, yanzu yayana Garba zai zo Juma'a ya tafi da ni. Isyaku kuwa, mutumin da ke sayo mini naman da hannunsa, ko kallona ba ya yi. Takaici kamar ya kashe ni. Shin wannan kiton ciwo ne? Kuma ta yaya zan tsare aurena?

Taki, Mai Ramar Ganin Dama

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, mu fara da jikin. In aka hana shi abinci mai sitaci irin su tuwo da shinkafa, sai ya koma ƙona kitsen da ya tara, kiton kuwa shi ne abin da wannan ƙonawar ke bari, yana fita ta fitsari da numfashi. Warin bakin ke nan. Ga mai lafiya ba kasafai yake zama haɗari ba, amma ga mai ciwon suga, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ba abin wasa ba ne. Gobe ki je a auna sugan jininki, a duba ko kina da ciki. In kin ji amai, ciwon ciki ko ƙishirwa mai tsanani, kada ki jira komai, ki nufi asibiti.

Kin yi daidai da kika tausaya wa gwiwoyinki, kin yi kuskure da kika ɗauki maƙwabciya a matsayin likita. Jirin nan gargaɗi ne. Dawo da tuwo kaɗan-kaɗan, ki rage malmala, ki yawaita miyar ganye da tafiya.

Inna kuma kada ki ga laifinta sosai. A inda ta taso, mace ba ta ramewa a ɗakin miji sai da dalili. Rantsuwa ba za ta gamsar da ita ba, amma da yake bakin asibiti ta yarda da shi, ki koma da ita da Isyaku, likita ya yi musu cikakken bayani.

Wanda aka fi cuta a nan shi ne Isyaku. Kada ki ba shi haƙuri a ɗaka daga ke sai shi. A gaban dangi aka ɓata masa suna, don haka ranar Juma'a, a gaban Garba da Inna, ki durƙusa ki wanke shi da bakinki. Allah ya ƙara lafiya, ya zaunar da ke a ɗakinki.