Layi na Uku a Takardar Plinio

San Pedro, 3 ga Satumba

Yaya Casilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni dai ga ni, da sauƙi.

Yau kwana hamsin da rasuwar maigidana Plinio, amma gidan nan bai yarda ya tafi ba. Da la'asar, lokacin da ya saba kunna rediyo don wasan besbol, ƙwallon nan da ake jefowa a buga da sanda, sai in riƙa jin ƙarar fensir a baranda. Jiya na share teburinsa tas, yau na tarar da ɓurɓushin robar goge rubutu a kai. Kada ki ce tsufa ne, kin girme ni.

Ambulan ɗinsa na bana yana cikin gwangwanin biskit. Kin san halinsa: ranar buɗe kakar wasa ya rubuta hasashensa, gwarzon ɗan wasa, gwarzon sabon shiga, gwarzon mai jifa, ya liƙe, ba a buɗewa sai Nuwamba bayan an sanar da waɗanda suka ci. Shekara bakwai ke nan ɗanmu Radamés yana jifa a babbar gasar Amurka, shekara bakwai Plinio yana rubuta sunansa a layi na uku yana gogewa. Mutumin da ko mai jifa ya hana abokan hamayya buga ƙwallo ko sau ɗaya ba ya yarda a ambata kafin a tashi, wai kada baki ya kama shi, ina zai bar sunan ɗansa a takarda?

Shi kuwa Radamés duk Nuwamba gurbin gogewar yake gani, ya ce babansa ya rubuta shi ne sannan ya sake tunani. Na yi bayani har na gaji. Uban taurin kai, ɗan taurin kai. Ya zo jana'iza, ko ɗigon hawaye babu, washegari ya koma. Abin nan yana cin raina.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Eufemia

San Pedro, 30 ga Satumba

Yaya Casilda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na yi abin da ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Bana kowa Radamés yake faɗa, daga 'yan jarida har masu acaba. Saura wasa ɗaya a kaɗa ƙuri'ar gwarzon mai jifa sai ya ce mini a waya gwiwar hannunsa tana ɗan motsa masa. Zuciyata ta kasa zama. Na kara ambulan ɗin a tururin tukunyar kofi na buɗe.

Yaya, sunan yana nan. Radamés, ɓaro-ɓaro, bai goge ba. Sai na tuna a watan Maris ne likita ya gaya wa Plinio gaskiyar ciwon zuciyarsa. Ashe ya san wani ne zai buɗe.

Na yi kuka na yi dariya, sai kuma tsoro ya rufe ni. Kwana uku ina kallon layin nan, ina ganin yaron a talabijin yana shafa gwiwar hannu. Ni da nake yi wa Plinio tsiya a kan camfi! Ranar Lahadi da na dawo daga coci na ɗauki robarsa na goge. Ban tsaya ba har takardar ta huje. Na mayar na liƙe.

Radamés ya yi jifa lafiya lau, sun ci. Ban san ko na cece shi ba ne ko na cuce shi. Idan kin karanta ki ƙona wannan wasiƙar, don Allah.

Taki,
Eufemia

San Pedro, 22 ga Nuwamba

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Na gode da saƙon murna. E, an ba Radamés kyautar gwarzon mai jifa, ya kuma zo gida. Unguwa ta cika da ganga da ƙarar babura, na dafa shinkafa da wake har tukwane suka ƙare.

Da mutane suka ragu, da rana tsaka, ya ce in kawo gwangwanin. Ya zauna a kujerar babansa, ya wanke hannu kafin ya taɓa ambulan ɗin. Na ga fuskarsa, Yaya. Yana sa rai.

Ya buɗe, ya zura ɗan yatsa a hujin, ya ce, “Bana har yaga ni ya yi.”

Nan take na faɗa masa komai, tururin, sunan, robar. Ya saurara har na gama, ya sumbaci goshina ya ce, “Bari, Mama. Yana raye kina yi masa lauya, ya mutu ma ba za ki huta ba?” Ya koma jiya. Ya bar takardar a kan tebur.

Tun ranar ban sake jin ƙarar fensir ba. Na zauna a baranda da la'asar ina saurare, shiru. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro, domin sau ɗaya mutumin nan ya yi ƙarfin halin magana da ɗansa, ni na toshe masa baki.

Shaida ɗaya ta rage mini, wasiƙata ta 30 ga Satumba mai hatimin gidan waya da kwanan wata. Ita ce na ce ki ƙona. Tun muna yara ba ki taɓa bin maganata ba, Casilda. Ki rubuto ki ce mini wannan karon ma ba ki bi ba.

Ƙanwarki mai jira,
Eufemia