Lambar Lasisin Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya lau, sai gwiwar nan da ta ƙi bari na in sake.

Wata malama da ta yi ritaya tana so in gina mata gidan bene mai hawa ɗaya. Ta ga aikina a unguwarsu, ta ce ni take so. To amma yanzu ba a ba da izinin gini sai an cike fom ɗin kwangila a intanet, an sa lambar lasisin ɗan kwangila. Na je ofishin hukumar gine-gine da kaina. Matar da ke kan tebur ta ce in kawo takardar shaidar karatu. Na buɗe mata tafin hannuna, ta yi dariya ta ce ba a loda hannu a kwamfuta.

Shekara talatin da ɗaya ina gini, ba wanda ya taɓa tsagewa. Kai injiniya ne, kana da lasisi. Ka ara mini lambarka, ni in yi aikin. Ban saba roƙonka ba, ka sani.

Ka gaida mai ɗakinka.
Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, Allah ya sauwaƙe gwiwa.

Na cike fom ɗin, an kuma amince. Amma bari in yi maka bayani tun yanzu. Fom ɗin gurbi biyu kawai gare shi: ɗan kwangila, da ma'aikata. Babu gurbin babban magini. Don haka sunana ne a na farko, naka yana cikin na biyu. Kada ka ɗauka wani abu ne, tsarin shafin ne haka.

Na haɗa da zanen ginin. Don Allah a bi shi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Duk abin da ya faru a wurin, ni hukuma za ta nema, kuma lasisin nan da shi nake ciyar da gidana.

Na gode da ka tuna da ni. Allah ya ba da sa'a.
Ƙanenka

*

Injiniya,

Sallama. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na ga sa hannunka a takardar hukuma, na san kana lafiya.

Da muka haƙa ramin harsashi, ruwa muka tarar yana tsattsafowa ta kusurwar baya. Zanenka ya ce rodi mai lamba goma sha biyu. A irin wannan ƙasa sha biyu ba zai ɗauki bene ba, sai na sa sha shida, na faɗaɗa gindin ginshiƙan. Sau uku ina kiranka in gaya maka, kana cewa kana cikin taro.

Ranar Talata sifeton hukuma ya zo, ya auna, ya ce aiki ya saɓa wa zane, ya dakatar da shi. Ya ce, "Wane ne mai aikin?" Na ce ni ne. Ya duba wayarsa ya ce, "Baba, a nan kai ne na huɗu a jerin leburori." A gaban mutanen da ni na koya musu riƙe cokalin gini.

Wannan na haɗiye. Amma jiya aka manna takarda a ƙofar wurin, Malama ta karanta mini don da Turanci aka rubuta ta. Wai ɗan kwangila ya sanar da hukuma cewa wani lebura ne ya canza aiki ba da izini ba, kuma an sallame shi. Wani lebura, Auta. Ko "yayana" ba ka iya rubutawa ba? Lokacin da Baba ya rasu kana aji uku, wannan leburan ne yake goya ka ya tsallaka da kai titi zuwa makaranta, kafin ya wuce wurin aiki.

Ka amsa mini da hannunka, ba da fom ba.
Magini

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarka, ban iya cin abinci ba.

Mutanen hukuma sun ba ni kwana biyu in yi bayani ko su dakatar da lasisina. A shafin nasu dalili uku aka jera, sai dai mutum ya zaɓi ɗaya. Na zaɓi wanda zai fid da ni. Ba zan ce maka ban san abin da nake latsawa ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Zanen nan ban zana shi don filin Malama ba. Wani samfuri ne na sauke daga intanet na canza masa suna, ko filin ban taka ba. Shekaranjiya aka gwada ƙasar, aka ce sha shida ne daidai. Na gyara zanen yadda ka yi, aka amince, har shugaban sashen binciken gini ya yaba wa hangen nesana. Na tsaya ina ta murmushi, ban gaya masa aikinka ne ba.

An janye dakatarwar da aka yi wa aikin. Ka koma aiki, zan sake sa sunanka. Akwai kuma jarrabawar da ake yi wa tsofaffin magina, ana iya yin ta da baki. Ka bari in kai ka. Ka yafe mini, Yaya.

Ƙanenka

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Tun kafin wasiƙarka ta iso na koma, don Malama, ba don kai ba. Jiya muka zuba kankaren matakala, na kwashe kayana. Sauran aikin ka nemo mai takarda.

Jarrabawar zan je, ni kaɗai. Yafiya kuwa kada ka sake tambaya yanzu.

Na ji za ka zo a ɗauke ka hoto a gaban ginin. Kada ka hau matakalar sai bayan kwana bakwai, ba ta gama kamawa ba.

Ka gaida yara.
Yayanka