Gwangwanin Bakin Salansa

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma miƙo min za ka yi ka ce in karanta maka, tunda ba ka taɓa yarda da maganar da ba daga baki ta fito ba. Amma ga ni zaune a ɗakin injinka, a kan bencin nan da ka tokare da bulo, babu wanda zan faɗa wa, shi ya sa na ɗauki biro.

Mutanen gida lafiya. Inna ta fita takaba tun kafin girbi. Gyaɗa ta yi kyau bana, geron ne tsuntsaye suka raba da mu. Garinmu Balan yana nan yadda ka bar shi.

Maganar da nake ta kewaye-kewaye a kanta ita ce: na canza maka injin niƙa. Ka san tun da na dawo daga makarantar koyon sana'a nake damun ka da wannan zance, ina cewa dizal yana cinye mu, kai kuma sai ka ɗaga min hannu ka ci gaba da zuba dawa. To, na yi. Na sayo injin lantarki a Kano, wanda masu gyara ke kira mota, na jera farantan sola a kan kwano. Tsakaninsu akwai wani akwati da na kafe a bango, inbata ake ce masa, shi ke karɓar wuta ya ba motar, kuma shi ke ƙayyade mata gudu. Malam Ɗanjuma mai walda ya zo daga Gaya ya haɗa mata gindin ƙarfe. Wajen daidaita bel kuwa duk karatuna ya ƙare, sai da na ɗauko zare na ja kamar yadda kake yi. Dannawar farko baya-baya ta juya, na musanya waya biyu, sannan ta miƙe. Da kana nan da ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Aiki kam tana yi, Baba. A hankali take tashi, ba ta fizgar bel. In markaɗe ne na rage, in masara ce na ƙara. Abin da ka shekara talatin kana yi da kunne, ni da ɗan yatsa nake yin sa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar sadakar ukunka, jama'a na kan tabarma ana yi maka addu'a, ni kuwa idona yana kan rufin ɗakin inji, ina auna faranti nawa zai ɗauka. Hannuwana a sama, zuciyata a kan kwano. Wane irin ɗa ne ke yin haka? Har yau in na tuna kunya ce ke rufe ni.

Mako uku na rufe ina aikin. Ranar da na buɗe na share ko'ina, na sa riga mai kyau, na zauna. Babu wanda ya zo. Washegari ma haka. Mako guda cur, ban niƙa abin da ya wuce na gidanmu da na maƙwabta biyu ba. Na ce ko mutane sun raina ni ne, ba su yarda da niƙan kowa ba sai naka. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga kamar da hannuna na kashe abin da ka bar mana.

Ran kasuwar Ajingi na gamu da Iya Tabawa mai koko, tana jiran mota da bokitin markaɗe a gabanta. Tsohuwar da ba ta taɓa kai geronta ko'ina ba sai wurinka. Da ta gan ni sai ta sake yi min ta'aziyya, wai ta ji tausayinmu da aka rufe inji. Na rantse mata a buɗe yake, kullum ina ciki. Ta dube ni kamar na zautu, ta ce ita dai kunnenta bai mutu ba, kuma tun kwanaki ba ta ji komai ba. Ta ce matan cikin gida ba leƙowa suke yi su duba ba, har Fulanin da ke ƙetaren gonaki, sai sun ji ƙara suke auna hatsi. Motar injina kuwa, in ka tsaya a bakin masallaci ba za ka san tana juyawa ba.

A nan na tuna da gwangwanin madarar nan da ka ɗaure da waya a bakin salansa, can saman kwano. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka don ruwan sama ka sa shi. Ashe don ya ƙara kai ƙarar nesa ne. Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba? Ko ka faɗa, ƙarar ce ta hana ni ji?

Allah Ya taimake ni tsohon injin yana nan ɗaure a simintinsa, dillalin ƙarfen da zai ɗauke shi bai kai ga zuwa ba. Da hantsi na zuba masa ɗan mai. Ka san tayar da shi aikin mutum biyu ne: ni ke juya hannu, kai ke sakin ɗan ƙarfen nan na sama in ya ɗau zafi. Sau huɗu na gwada ni kaɗai, kafaɗata kamar ta cire, a na biyar ya kama. Gwangwanin ya fara kuka. Inna ta fito har bakin zaure, hannunta duk ƙullu, ta wuce ni da ido ta dubi bencinka. Ta ɗan tsaya, sannan ta koma ciki. Kafin azahar ƙwarya da bokiti sun kai bakin hanya.

Yanzu haka nake yi kullum. In tayar da naka, ba bel, ba ya niƙa komai, ya yi kiransa na minti goma. In kashe shi, in danna nawa. Na aika wa dillali cewa na fasa.

Injin ya tsira, Baba, amma ga abin da ban yi tsammani ba. Shekara goma sha biyu muna tare a ɗakin nan, ƙara ba ta bari mu yi magana ba, sai da hannu. Yatsa biyu, ƙaro ruwa. Tafin hannu a ƙasa, rage. Da haka muka rayu, ina ta jin haushi, ina cewa da na samu yadda nake so da mun huta. Yau ɗakin ya yi shirun da mutum biyu za su yi hira a zaune ba tare da ɗaga murya ba. Ina da tambayoyi da yawa. Da wa zan yi?

Gwangwanin ya yi tsatsa, gefensa ya fara hujewa. Na samo sabo, yana aljihuna kwana tara. Sau biyu na kafa tsani, na ga yadda ka murɗe wayar, na sauko.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sada mu da alheri. Gobe da hantsi zan sake tayar da shi.

Ɗanka mai taurin kai,
Habu, daga ɗakin inji, Balan